Safiyar Litinin ɗin Oga Kure

Shekara goma sha ɗaya Meshach Kure ya yi yana aiki a ƙarƙashin benenmu na Garki, amma ban jin akwai mutum biyar a ma'aikatar da suka san sunansa na fari. Oga Kure muke ce masa, shi ma sai in buƙata ta taso. Aikin ma'aikatarmu ba wa masu ƙananan sana'o'i takardar rajista, ni kuwa ina kanta ta uku, ina buga sunaye. Duk abin da muka buga gangarawa yake yi ɗakin Kure, inda saba take, wato babbar kwamfutar da duk namu suke jingine da ita.

Ɗaki ne marar taga, esi biyu na hura shi. Ko a watan Maris, lokacin da muke fifita da fayil a sama, shi da suwaita yake wuni. Mutumin Yangoji ne, ɗan manoman doya, shi kaɗai a gidansu ya yi karatun kwamfuta. Matarsa Mabel ta rasu shekara biyu da kama aikinsa, 'yarsu ɗaya tilo tana aure a Jos. An hana cin abinci kusa da na'urori, don haka a tsaye yake buɗe kularsa a lungun bakin ƙofa, ya ci ya koma. Daga Talata zuwa Juma'a babu mai sauka wurinsa. Me za a je yi? Sanyi, ga ƙugin fankokin na'ura kamar ana niƙa.

Litinin ce ranarsa. Tun da daɗewa manya suka fitar da takardar umarni cewa don tattalin dizal, a kashe komai ranar Juma'a da yamma. Masu gadi kuwa ba su san wani bambanci ba, babban makunnin gini suke saukewa, Litinin da safe su ɗaga shi, komai ya kama wuta lokaci guda, daga ketil ɗin darakta har saba. Ita kuma saba ba a cikinta bayanan suke ba. Suna cikin wani akwati dabam mai faya-fayan ajiya ashirin da huɗu, waya ce ta haɗa shi da saba. Duk Litinin sai saba ta tashi, ta leƙa ta wayar, ta ce ba ta ga faifai ko ɗaya ba, ta tsaya cak da baƙin allo. Mu kuma a sama kwamfutocinmu su zama kayan ado.

Sai a yi ta sauka, kowa da ƙorafinsa. Kure yana tsaye a bakin ƙofa, ya goge takalmi, fuska a sake. Zai zare siririyar wayar nan mai ruwan lemo ya duba bakinta a haske, ya mayar. Zai bi fitilun akwatin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya tsuguna ya leƙa baya da tocila. Yana yi yana tambayarka jikin mahaifiyarka, da ko yaronka ya samu makarantar. Ba ya manta abin da ka gaya masa makon jiya. Bayan kamar minti arba'in sai ya danna wani maɓalli, allo ya cika da rubutu, mu watse ko sallama babu. Muna ganin gwani ne, muna kuma jin haushinsa, don a ganinmu gwanin da ya isa ai da ya kashe matsalar.

Wata Litinin bai zo da wuri ba. Ya je gida bikin godiyar girbi na cocinsu, a hanyar dawowa tirela ta faɗi kusa da Gwagwalada ta tare titi. Ƙarfe takwas, tara, goma, layi ya fita har waje. A gaban kantata akwai wata dattijuwa, Turai, mai sayar da lemo a kasuwar Zuba. Shugabannin layinsu sun ba ta zuwa azahar ta kawo takardarta, in ba haka ba su ba wani rumfar. Tun asuba ta fito. Da ƙafafunta suka gaji sai ta shimfiɗa mayafi ta zauna a ƙasa, ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Sha biyu ta wuce Kure ya shigo yana haki. Ni na tare shi a matakala, kuma ban rage masa komai ba. Na nuna masa Turai, na gaya masa abin da za ta rasa. Ya dube ta, ya sauka. Ko minti uku ba a yi ba kwamfutoci suka dawo. Na buga mata takardar da sauri, ta naɗe ta a bakin zani, ta ce Allah ya saka da alheri, amma ta san kafin ta kai Zuba an gama sallah. Haka kuwa aka yi, daga baya na ji rumfar ta tafi.

Minti ukun nan suka tsaya mini a rai. Da aka tashi aiki na sauka, na tambaye shi ina sauran minti talatin da bakwai na kullum suka shiga. Ya nuna akwatin, ya yi bayani. Saba, in ji shi, minti biyu take yi ta tashi, akwatin kuwa sai ya yi bakwai kafin faya-fayansa su gama juyawa. Tana neman su tun ba su shirya ba, shi ya sa ba ta ganinsu. Kafin mu sauko, akwatin ya riga ya shirya, sake kunna saba kawai ya rage. Duba waya da leƙe da tocila duk ƙari ne. Kuma akwai wuri a saitinta da za a ce mata ta jira.

Na ce tun yaushe ya san haka.

"Tun wata na uku da na fara aiki, Madam Aisha," ya ce. "In na gyara shi, wa zai zo nan kuma? Ranar Monday ne kawai ina jin muryar mutum."

Na zo da faɗa a bakina, sai na rasa inda zan sa shi. Haushi na ji, da tausayi, da kunya, don ni ma ban taɓa sauka ranar Laraba ba. A gabana ya kashe saba, ya shiga wani shuɗin allo, ya goge sifili ya rubuta ɗari shida, daƙiƙoƙin jira ke nan. Ya adana, ya kunna. Aikin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Ya roƙe ni in na sake ganin dattijuwar in ba ta haƙuri, don shi ba zai iya haɗa ido da ita ba.

Litinin ta gaba ƙarfe takwas da kwata komai yana aiki. Darakta ya yaba wa masu gadi. Ban gaya wa kowa sirrin Kure ba, na kuma yi wa kaina alkawarin zan riƙa leƙa shi. Sai aiki, sai yara, sai gobe. Wata biyu cur kafin na sauka.

Na ƙwanƙwasa, ya buɗe da sauri, ya juya yana duba fitilun na'urori tun kafin ya amsa gaisuwata. Ya tambaye ni me ya lalace. Na ce ba komai, gaishe shi na zo yi. Ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallona.

"Kin tabbata?" ya ce. "Bari dai in duba."