Malamar da Sai An Ce Mata “Ya Isa”

Girijamma ta shafe fiye da rabin rayuwarta zaune a ƙasa, a wani layi da ke bayan kasuwa a Mysuru ta ƙasar Indiya, tana mulmula turaren tsinke. Haka uwarta ta yi, haka yayarta Nanjamma. Sana'a ce mai ƙamshi, amma tana cin ƙugu. Duk matan layin in za su miƙe sai sun dafa bango.

Ita ma ƙugun ya taɓa kwantar da ita. Wani tsoho mai koyar da motsa jikin yoga a farfajiyar wurin ibadarsu ne ya tayar da ita, da numfashi da miƙa a hankali. Da ya mutu matan suka rasa wurin zuwa. Sai Girijamma ta ce ita za ta je ta koyo yogar da ake yi wa masu ciwo magani da ita, ta dawo ta koya musu.

Makarantun horar da malamai a garin ba sa ƙirguwa. Ɗanta Lokesh, direban a-daidaita-sahu, ya ce ya san wadda ta fi, wadda kullum yake kai Turawa.

“Inna, malamin nan har ƙasashen waje ake gayyatarsa. Wata ɗaya kacal, ki fito da takardarki.”

“Wata ɗaya? Ni ko tuwon tamba ban iya tuƙawa a wata ɗaya ba.”

“Har yau ma ba ki iya ba,” in ji Nanjamma. “Tashi mu je mu gani.”

Makarantar tana neman masu ciwon da ɗalibai za su kalli yadda ake musu, don haka aka tafi da Nanjamma. Ɗaki ne mai sheƙi, cike da tabarmin roba da baƙi daga nesa. Malamin bai tambayi Nanjamma sunanta ba, balle inda ke mata ciwo. Ya zaunar da ita, ta miƙe ƙafafu, ya ce ta sunkuya. Da ta tsaya a iyakarta, sai ya ɗora gwiwarsa a gadon bayanta ya danna, yana yi wa ɗalibai bayani da Turanci, har goshinta ya taɓa ƙaurinta.

Girijamma ta ga fuskar yayarta. Rabonta da ganin wannan fuskar tun ranar da Nanjamma ke naƙudar fari. Amma Nanjamma ba ta ce uffan ba. Ɗalibai suka tafa. Ta lallaɓa ta taɓa ƙafafun malamin kamar yadda ake yi wa malamai, ta ce, “Na gode, Guruji,” wato babban malami. Sai a bakin ƙofa ƙafarta ta hagu ta ƙi ɗaukarta.

“Akka, bakinki ɗinke shi aka yi?” Girijamma ta fashe a hanyar gida, cikin a-daidaita-sahun Lokesh. Akka shi ne Yaya a yarensu. “Ke da kike zagin mai kayan miya a ji ki a ƙarshen layi!”

“Mai kayan miya daban. Ana ce wa malami ya bari? A gaban baƙi? Kina so a ce ba mu da tarbiyya?”

“To ga tarbiyya nan, ta hana ki tafiya!”

“Ke da kike tsaye kina kallo, me kika ce?”

Gaskiya ne, ita ma Girijamma kallo kawai ta tsaya yi a lokacin. Lokesh ya buɗe baki zai kare malamin, ta ce ya kalli titi.

Nanjamma ta kwanta har damina ta wuce, itacen mulmula turarenta a jingine. Girijamma ta koma makarantar ta faɗa wa mai karɓar baƙi abin da ya faru. Aka ce mata ciwo alamar jiki yana buɗewa ne, kuma ai tsohuwar ba ta yi ƙorafi ba. Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai, don duk matan layinsu haka suke. Ko karya su malami zai yi, sai dai su taɓa ƙafarsa su yi godiya.

Daga nan ta shiga yawon makarantu da tambaya ɗaya: in mai ciwo ba ya iya cewa yana jin zafi, yaya kuke yi? Wasu suka miƙo mata takardar talla. Wani ya ce malami na gari shi ya san jikin ɗalibi fiye da ɗalibin.

A bayan wani ƙaramin asibiti ta samu Malama Hemavati, wadda ake shekara biyu ana karatu a wurinta, a ɗaki mai kujeru da matasai da tsofaffi cikin sari. Ba ta amsa tambayar ba. Ta ce Girijamma ta kwanta, ta kama ƙafarta tana ɗagawa sannu sannu.

“In ya fara ja, ki ce ya isa.”

Ya fara ja. Girijamma ta cije leɓe. Malamar ta ajiye ƙafar.

“Tun ɗazu yatsunki suka damƙe tabarma. Kin zo da faɗa a kan yayarki, ashe jirgi ɗaya kuke. Ba na ɗaukar ɗalibar da ba ta iya tsayar da ni. Mu sake.”

Suka sake. Wannan karon Girijamma ta daka “Ya isa!” sai da wani tsoho a kujerar gefe ya zabura. A ranar ta shiga ajin.

Har yanzu ba ta gama ba. Da asuba take zuwa, ta dawo ta zauna ga turarenta. Abu ɗaya aka yarje mata ta fara koyarwa, kuma shi take yi da yamma a tsakar gida: ta kama hannun mace ta ɗaga kaɗan, ba ta saki sai an daka mata tsawa. Matan sai dariya da rufe fuska da gefen sari.

Nanjamma, wadda har yau da sanda take tafiya, ita ce ta fi taurin kai.

“Ni ba na yi wa malami ihu.”

“Akka, ai ni ce malamar.”

“Ke? Au, to ke kam da sauƙi. Ya isa, mai hannu kamar muciya! Sake ni!”

Girijamma ta sake ta, ta ce wa ta kusa ta matso.