Gishirin Inna

Duk shekara ina koya wa 'yan ajina yadda iskoki biyu ke ture juna a kanmu: busasshiya daga arewa maso gabas, mai danshi daga teku can kudu. In ta kudu ta yi rinjaye, damina ta zo. Ina faɗa suna rubutawa, amma ni ba na son darasin nan.

Mahaifina manomi ne a ƙauyenmu, arewa da Bici, inda gona ke gogar gona. Yana da irin gero da ya gada wurin kakanmu, mai doguwar zangarniya da gashi, tsuntsu ba ya iya masa. Baba ba ya jiran ruwa. Binne yake yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwan fari ya tarar da shi a ciki. Alamarsa kuwa gishirin Inna, domin ranar da iskar kudu ta iso, gishiri kan yi danshi a ƙoƙo.

A shekarar da nake magana na zo hutu gida. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, gishiri ya jiƙe."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, baƙuwa ta iso."

Ta ce ya rage ko tiya guda ta irin. Ya yi dariya. "Ke dai da rowa, har ƙasa za ki yi wa?"

Muka binne shi duka. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, gona ta yi kore shar. Sai iska ta koma gabas. Gishiri ya bushe ƙayau, muna ji muna gani tsiron ya lanƙwashe ya ƙone. Wallahi na ji haushin iskar nan kamar mutum ce ta ci amanarmu.

Baba ya zaga dangi da maƙwabta neman irin, amma kowa ya daɗe da komawa na zamani mai saurin nuna. Da ruwa ya zauna, na zamanin muka shuka. Ya yi kyau kuwa, rumbu ya cika.

Da kaka Inna ta tuƙa tuwon sabon gero. Baba ya kai loma, ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Mun gode Allah," in ji shi. Can ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya mahaifina ya bar mini in riƙe."

Ya yi shekaru bayan nan yana noma. Inna ba ta sake gaya masa gishiri ya jiƙe ba, shi ma bai sake tambaya ba.