Tsintau da Ƙyauren Gwaggo

Rana ba ta gama fitowa sai ka ji kukan baron Tsintau a lungu, ya nufi inda ake rushe tsohon gini. Shekara arba'in ke nan. Abin da magina suka jefar, ƙafar gado ce ko guntun taga, shi yake kwasowa. Matarsa kan ce ta auri mutum, ta wayi gari da bola. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya miƙa mata sabon ludayi.

A rumfarsa ba ya gaggawa. Sai ya bi katako da mayen ƙarfe ya zare ƙusoshi, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ji iyakar inda gara ta ci. Sannan gizago ya sauka. Akushi, muciya, ƙotar wuƙa, duk daga abin da aka ce ya mutu. Kuma ba ya goge tabo. Ya ce tabon shi ne shekarun icen.

Na ga aikinsa da idona lokacin da hanya ta biyo ta kan gidan Gwaggo, maƙwabciyarmu. Saura kwana huɗu a rushe, ɗanta ya zo ɗaukarta, ta zauna a bakin ƙofa ta ce ko motar rusau za ta bi ta kanta, ba ta tafiya ba ƙyaurenta. A gefensa marigayi mijinta ya riƙa tsaga tsayin 'ya'yansu da wuƙa, har da na 'yar da ba ta yi tsawon rai ba. Ɗan ya yi lallashi ya gaji: ɗaki ɗaya gare shi a saman bene, ƙyauren kuma rabinsa gara ta cinye.

Tsintau ya zo ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Gwaggo, ara mini shi kwana biyu."

Ta ce, "In ka mayar mini da shi muciya, da ita zan kwaɗe ka."

Rana ta uku ya dawo da sandar dogarawa, sumul, sai gefe guda da bai taɓa ba. Gwaggo ta bi tsagar da babban yatsa tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso ta ƙasa, ta 'yar nan, wadda ba a ƙara wata a kanta ba, sai ta dubi ɗanta ta ce, "To, miƙo mini takalmina."

Yanzu ido ya fara gajiya, Tsintau na shirin rataye gizago. Tsintau, kai ne mai jin maganar ice, kai ne ka fitar da tsohuwa daga gidanta ba tare da ka raba ta da shi ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma, kafin ku cusa tsohon katako a murhu, ku juya shi ku duba gefensa tukuna.