Ranar da Guduma Ya Karya Rantsuwarsa

Tun yana yaro ake kiransa Guduma, kuma ba da wasa aka raɗa masa sunan ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, zuciyarsa a kusa take. Kafin ya kai ashirin da biyar ya zubar wa mutum uku haƙora, ya fasa wa wani direba goshi. Ƙanensa ne ya zama na ƙarshe. Sun yi cacar baki a tsakar gida a kan keke, ya kai masa naushi ɗaya a gefen kai, jini ya biyo kunne, kunnen bai ƙara ji ba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunsa na dama ta danna a ƙirjinta, ta sa ya rantse cewa hannun nan ba zai sake sauka a jikin ɗan Adam ba har ya koma ga Allah. Ya rantse. Shekara goma sha tara yana riƙe da maganar.

Fushin dai bai je ko'ina ba, kan ƙarfe ya koma. In aka ɓata masa rai sai ya cusa hannun a aljihu ya fita, can a ji gangar ƙarfe tana amsa kuwwa. Matarsa takan ce gaɓoɓin yatsunsa take dubawa ta san yadda ya wuni.

Aikinsa a wani ɗakin gwaji ne, ƙarƙashin wata siririyar mata mai tabarau da kowa ke kira Dakta. Ana jera farantan ƙarfe a akwati, a cika shi da ruwan soda mai cin fata, a saki wutar lantarki. Sai ruwa ya rabu biyu: haidirojin ta tashi daga wannan faranti, oksijin daga wancan. Tsakaninsu akwai labule siriri kamar takarda mai hana iskokin haɗuwa, don in sun haɗu, tartsatsi ɗaya ya ishe su fashewa. Damuwar Dakta faranti ce. Mai kyau na filatinam ne, don tsada ba kowa ke iya taɓa shi ba. Na nikel kuwa rago ne, ya sha wuta da yawa ya ba da iska kaɗan.

Guduma bai yi nisa a karatu ba, wanke faranti da shafa musu nikel aka ɗauke shi yi. Wata rana wani faranti ya ƙi shafuwa har sau uku, ya ɗora shi a maƙera ya yi masa dukan kawo wuƙa. Da ya huce sai kunya ta kama shi, ya lallaɓa ya mayar da shi akwati. Farantin nan mai gurzajjiyar fuska ya fi duk sauran tafasa. Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ai kowane rami da ya yi ƙarin wurin aiki ne ga ruwa. Daga nan duka ya zama sana'a: ya shimfiɗa ragar waya a kan faranti ya bi ta da guduma, kafin a shafa gamin nikel da baƙin ƙarfe.

Amininsa mai walda ne na wurin, dogo mai baki. Shi kaɗai ke iya tsokanarsa. Kullum sai ya miƙa masa kumatu ya ce, "Ga shi nan, ɗan Inna, in ka isa." Guduma ya harare shi, ya ce wata rana zai ci ubansa, sannan su zauna su ci abinci a kwano ɗaya.

Akwai na'urar da ke auna tsabtar iskar, amma Guduma bai yarda da abin da ba ya ji da kunnensa ba. Safe da rana yakan zura siririn tiyo a kwanon ruwan sabulu har kumfa ta taso, ya fita da kwanon tsakiyar fili, ya kai masa ashana a bakin doguwar sanda. Iska mai tsabta sai ta ce fuf, a hankali. Wadda ta gauraya kuwa ƙara take yi kamar bulala.

A makon da Inna ta rasu bai yarda ya zauna a gida ba bayan kwana uku. Ya dawo ya kama sababbin faranti goma sha biyu, ya dake su kamar su suka kashe ta. Bai taɓa yin rami mai zurfin haka ba, kuma bai bi su da zarto ya kashe kaifin ba, abin da bai taɓa mantawa da yi ba a baya. Aka jera su. Dakta ta ce ba ta taɓa ganin faranti irinsu ba. Kwana goma sha ɗaya wani ɗan tsini yana cin labule a ɓoye, na'urar awo kuma an kai ta gyara.

A rana ta goma sha ɗayan, da rana tsaka, ya kai ashana kan kumfa. Kwanon ya tsage biyu, sandar ta tashi daga hannunsa. Ya tsaya kunnuwansa na kuka, ya tuna tun safe tankin ajiya ke cika da wannan iskar. Sai ya tuna mai walda yana ciki, zai gurza wani ƙarfe dab da bakin tankin.

Ya shiga da gudu yana kiransa. Mai walda ya toshe kunnuwa da auduga saboda ƙarar aiki, injin gurza yana hannunsa, bai kunna ba tukuna. Guduma ya fizgi kafaɗarsa, ya kama injin. Mai walda ya ɗauka wasan kullum ne, ya ɗaga injin sama inda gajere ba zai kai ba, ya miƙo kumatu yana dariya, babban yatsansa a kan makunni.

Guduma ya dubi hannunsa na dama sau ɗaya. Sannan ya sake shi.

Muƙamuƙi ya karye wuri biyu, haƙora huɗu suka watse a siminti. Ya kama wuyan rigar amininsa ya ja shi a ƙasa kamar buhu har bayan katangar fili, ya daka wa Dakta tsawa ta taga cewa ta gudu, ya koma ciki don ya kashe wuta ya buɗe wa iskar hanya. Ba wanda ya san abin da ya yi tartsatsin. Rufin kwano ya ɗaga ya dawo, ƙofar ƙarfe ta tsallake fili, ruwan soda ya fesu har bangon maƙwabta. A ƙarƙashin ɓaraguzai aka same shi, kusa da makunnin wuta. Shi kaɗai ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Mai walda ya farfaɗo a asibiti, an ɗaure masa baki da waya. Kwana biyu bayan haka matar Guduma ta zo, ƙanen nan mai kunne ɗaya yana biye da ita. Ba ta tambayi yadda wutar ta tashi ba. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafinta, ta ce mutane na cewa mijinta ya mutu da karyayyiyar rantsuwa a wuyansa, ita kuma ta kasa barci.

"Baban yara ya doke ka da gaske?" in ji ta.

Mai walda ya daɗe yana haɗa maganar a bayan wayar, hawaye na shiga masa kunne.

"Ya doke ni, matarmu," ya ce. "Da Inna na wurin, ita za ta ce ya ƙara."

Ƙanen ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce a maimaita masa. Ta maimaita. Ya gyaɗa kai, ya kama hannun mai walda ya riƙe.

An sha yi wa mai walda tayin sa masa haƙoran roba. Har yau ya ƙi.