Tsohon da Ya Manta Sandarsa

A kasuwar Asabar ta wani ƙauyen Kentucky a Amurka, Verna Caudill na zaune tsakanin mai tumatir da mai zuma, fayafayanta jere a kan tebur. Shekara biyu ta yi tana haɗa waƙoƙin cikinsu a ɗakin girkin kakarta, jarida kuwa ta ce sun cika sanyi. Tun safe 'yar rikodarta ke juyawa, ba wanda ya ko waiga.

Sai ga wani tsoho yana dogara sanda, wandonsa duk man inji, yatsunsa biyu guntaye. Mahaƙin kwal ne a da, ko mai yankan katako, Verna ke rayawa a ranta. Bai ko kalli fayafayan ba, kunne kawai ya kasa, kai a sunkuye. Da sautin goge ya shigo cikin waƙar, sai dugadugansa suka fara taɓa ƙasa. Ya jingina sandar da teburin, ya saki hannuwa, ya shiga rawar mutanen kan duwatsun yankin, wadda ƙafa kaɗai ke yi, jiki na tsaye ƙyam.

"Tsoho, ka karye ba ruwana!" in ji mai zuma.

"Ke dai ji da ƙudajenki," ya ce yana haki. Ya dubi Verna. "'Yata, rabona da taka rawa tun ranar da muka binne mai ɗakina."

Ya sayi faifai ɗaya, ya maƙale a hammata, ya kutsa cikin mutane yana ɗan rangaji. Har yanzu sandar na jingine da teburin, Verna kuma ta ƙi kiransa.