Yanar Gizo a Ƙafar Yaya

Muna idar da sallar asuba muka bar Gure, ni da maigida, don an aiko cewa yayata tana kwance a wani ƙauye bayan Gamu. Motar tsohuwar Landiroba ce, mu da buhunan gishiri da akuya ɗaya da ta fi kowa samun wurin zama. Tun da aka karya darajar sefa kuɗin mota ya yi sama, amma turin mota a rairayi har yanzu kyauta fasinja ke yinsa. Sau uku maza suka sauka.

Gero ya yi kyau bana, ko'ina ana ɗaurin dammuna. A Gamu muka sha fura mai tsami, muka hau amalanken jaki.

Da azahar muka iso. Na tarar da Yaya a kan tabarma, bayanta ya sandare, haƙora sun sarƙe, ido kawai ke gaishe ni. Lauje ne ya yanke ta a ƙafa kwanakin baya wajen yankan ciyawa. Inna, mahaifiyarmu, ta yi abin da aka saba, ta liƙa yanar gizo a ciwon, jini ya tsaya nan take. Sai dai don ƙauna ba ta ɗauki sabuwa ba. Ta shiga garken jakuna ta zaɓo tsohuwa, baƙa mai kauri, wai ta fi ƙarfin magani.

Muka kai ta ɗakin magani. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, baƙo ne daga yamma. Ya buɗe ciwon ya daɗe yana kallo.

"Zaren nan ba shi da laifi, Hajiya," ya ce mini a hankali. "Yana riƙe jini. Ƙurar kashin dabbobi da ke jikinsa ita ce ta shiga. Allurar wannan cuta kuma babu ta a nan, sai Gure."

Ba a samu mota ba sai washegari da hantsi. Kafin ta iso, Yaya ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan addu'ar uku na taho da Inna. A hanya ta riƙo hannuna ta ce, "Ɗiyata, mutumin nan me ya faɗa miki?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare, Inna." Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Allah ya yafe mini.

Mun iso gida da la'asar. 'Yan'uwa mata, abin da na koyo ke nan: in an yanke, a wanke da sabulu da tafasasshen ruwa, a nemi allura tun baki na buɗuwa. Inna kuwa ba ta sake tambayata ba. Kullum da safe sai in gan ta da tsintsiya, tana bin lungunan rufin ɗakina ɗaya bayan ɗaya tana share yanar gizo.