Harafin da Malam Almustapha Bai Gani Ba

A layin masu gyara da ke bayan tasha a Funtua, kowa ya san Malam Almustapha mai kwamfuta. Mutumin Danja ne, ɗan manoman tumatir. Tun yana saurayi ya bar gona ya kama gyaran rediyo, da rediyo ta ja baya ya koma bidiyo, daga bisani ya tsunduma cikin kwamfuta da kansa, ba wanda ya zaunar da shi a aji. Shekara ashirin da biyu ya yi a shago ɗaya.

Abin da ya fi suna a kai shi ne sanin ram, ɗan siririn allon nan mai haƙoran ruwan zinariya da kwamfuta ke riƙe aiki da shi yayin da take tafiya. Yakan ce wa masu kawo gyara, kowace ram da gurbinta a jikin bod, wato babban allon ciki. Akwai mai lamba biyu, akwai mai uku, akwai mai huɗu, kuma kowace da inda aka yi mata tsaga a tsakanin haƙoranta, don kada a cusa ta inda ba nata ba. Yakan zura hannu cikin gwangwanin da yake tara su, ya shafa tsagar da babban yatsa, ya faɗi irinta ba tare da ya duba ba. Mutane su yi ta mamaki.

Da farko burga ce. Daga baya ta zama dole, domin shekara biyu ke nan idonsa na dusashewa. Ƙananan rubutu sun koma masa kamar jerin tururuwa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Sabuwa. Tsoronsa ɗaya: ranar da aka ji mai gyara ba ya gani, ranar shagonsa ya mutu.

Wata Litinin bayan an cire masara, Sa'adiya ta zo daga Gozaki. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ce, tana ƙarin karatu a Zariya, kuma ranar Alhamis za ta tsaya gaban malamai ta kare binciken da ta shekara tana yi kan mata masu ciki a ƙauyukansu. Komai na cikin laftof ɗinta.

"Baba, nauyi take yi," in ji ta. "Ina tsoron kada ta tsaya mini a gaban mutane."

"Ƙaramin aiki ne, 'yata. Ram za a sa mata babba."

Ya kwance, ya zare ta ciki, ya shafa: mai lamba uku. Ya jefa ta cikin gwangwani, ya lalubo wata mai tsaga iri ɗaya, ta shiga gurbi daram. Ya kunna. Fankar ciki ta juya, amma fuskar laftof ɗin ta tsaya baƙa ƙirin. Ya sake wata, haka. Ya nemi ta asalin ya mayar, sai ya tarar ta ɓace cikin 'yan uwanta sama da talatin, duk yatsansa na ce masa abu ɗaya ne.

Abin da ya faru ba baƙo ba ne a wurinsa. Masu lamba uku kashi biyu ne, tsagarsu ɗaya, amma ɗaya na shan wuta kaɗan, kuma akwai bod ɗin da ita kaɗai yake karɓa. Abin da ke raba su harafin L ne ɗan mitsitsi a jikin takardar da aka manna. Ya san haka sarai. Da ya miƙa wa Sa'adiya gwangwanin ya ce ta duba masa, da an gama kafin la'asar. Ya ɗaga kai ya ga maƙwabcinsa Isah mai gyaran waya a bakin ƙofa yana shan rake, sai ya fasa.

"Ki dawo gobe," ya ce.

Talata ya wuni yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, masu kawo gyara na katse shi, waɗanda ya gwada suna sake cakuɗewa da waɗanda bai taɓa ba. Laraba da rana, da Sa'adiya ta tsaya a kansa da jakarta a kafaɗa, ya ji kansa yana cewa, "Bod ɗin ne ya ƙone."

"To aikina fa, Baba?"

Ma'ajiyar laftof ɗin, inda aikin nata yake, irin siririyar nan ce da ba shi da abin karanta ta. Ya ce sai dai Zariya. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe laftof ɗin cikin mayafi ta fita.

Bayan kwana takwas ta dawo. Ta gaishe shi kamar yadda aka saba, sannan ta buɗe laftof ɗin a kan teburinsa, fuska ta kawo haske.

"Ranar Alhamis da hantsi wani a Zariya ya gyara ta, ko minti goma bai yi ba. Ya ce bod lafiya lau, ram ce ba tata ba. Kafin in isa makaranta an tashi. Sun ce sai baɗi. Ba faɗa na zo yi ba, Baba. So nake in ji me ya sa ka ce ya ƙone."

Isah na jinsu. Malam Almustapha ya ajiye sukundireban da ke hannunsa.

"Ba na gani, 'yata," ya ce. "Kunya ta hana ni faɗa. Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana," ta ce, muryarta a sanyaye. Da ta kai ƙofa ta juyo. "Ka je a auna idon. Kada ka ƙara kwana."

Ya je. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da magani. Da ya zo shekara biyu baya, da labarin ya bambanta.

A gida Sabuwa ta saurare shi har ƙarshe. "Malam, ni ma ka ɓoye wa?" Kwana biyu ba ta ƙara tayar da maganar ba. Rana ta uku ta sa ya kawo gwangwanin gida. Ba ta yi boko ba, don haka ya zana mata harafin da gawayi a bangon tsakar gida, babba, ta zauna kan tabarma tana ware masu shi gefe guda.

Labari ya zaga layin, masu kawo laftof suka ragu ƙwarai. Yanzu yawanci tsoffin kwamfutocin tebur ake kawo masa, sai rediyon manoma ranar kasuwa. Duk wanda ya ce daga wajen Kafur yake, yankin da Gozaki take, Malam Almustapha kan tambaye shi ko ya san wata Sa'adiya ta asibitin Gozaki, ko ta kare karatun. Har yanzu bai samu wanda ya ba shi amsa ba.